Kiɗan da Baba Ya Ji da Tafin Hannunsa

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu na unguwar Maamobi a Accra waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma akwai guda ɗaya da na tabbata ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai tafi da shi ba. Ranar ce da na dawo daga kasuwa na tarar da mahaifina yana sauraron kiɗa, mutumin da ya yi shekaru ko kiran sallar masallacin bayan gidanmu ba ya ji.

Baba ɗan sanda ne mai ritaya, amma bai taɓa kama ɓarawo ba, kamar yadda shi da kansa yakan faɗa yana dariya. A ƙungiyar badujala ya yi aikinsa duka, shi ke rataya babbar gangar nan a ƙirji ranar fareti. Muna yara mukan tsaya bakin titi muna nuna wa ƙawayenmu shi. Kakanmu soja ne da ya sauko daga arewa zamanin Turawa, shi ya gina gidan, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, rabi namu, rabi na 'yan haya.

Kunnen Baba ya fara nauyi tun kafin ya bar aiki, daga baya wani zazzaɓi mai zafi ya ƙarasa abin da ya rage. Yayanmu ya saya masa na'urar ji, ta riƙa yi masa fito a kunne, ya cire ta ya jefa cikin gwangwanin madara. Lokacin da Mama take raye abin ya zo da sauƙi, don ko leɓenta ya kalla ya gane abin da take faɗa. Da ta rasu sai ya yi shiru. Ya daina zuwa suna, ya daina zuwa ɗaurin aure. Masallaci kawai yake fita, can ma da ido yake bin sahu. Sauran yini yana kan kujerar roba a bakin ƙofarsa yana kallon masu ɗibar ruwa a famfo. Ni ce nake zaune tare da shi da 'ya'yana, in kai masa koko da ƙosai da safe kafin in tafi shagona na atamfa a kasuwar Makola, in dawo in tarar da shi inda na bar shi.

Ana cikin haka wani sabon ɗan haya ya shigo ɗakin da ke manne da na Baba. Ba zan faɗi sunansa ba, yaran gida Mai Tsawa suke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Zai kai shekara talatin, tashin unguwar Alajo ne, uwarsa 'yar ƙabilar Ga, ubansa mutumin Zango, unguwannin Hausawa. Sana'arsa gyaran sifika da bayar da hayarta wurin biki, yana da ɗan shago a Kokomlemle. Dogo ne siriri, kullum cikin baƙar riga mai zanen duwatsu ko itatuwa marasa ganye, ga gashi ya tara. Yana gaida kowa, yana share gaban ɗakinsa, bai taɓa kawo mace ko abokan shaye-shaye ba. Matsalarsa ɗaya ce, kiɗan da yake kunnawa in ya dawo aiki da yamma.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa ji ba. Mu mun saba da kiɗan da ake rawa da shi ko waƙar da ake bin baitinta. Wannan kuwa yakan fara ne a hankali, jita guda ɗaya tana maimaita abu ɗaya kamar ɗigar ruwa daga kwano, har ka manta an kunna. Sai ganga ta shigo. Sai wata jitar mai kaurin murya ta hau kai, abin ya yi ta kumbura, ya yi ta kumbura, sannan ya rufto gaba ɗaya kamar tifa ta juye duwatsu a tsakar gida. Wani lokaci babu murya ko kaɗan, wani lokaci kuma ka ji wani yana gurnani daga nesa kamar an binne shi a rami. Waƙa guda sai ka wanke shinkafa ka ɗora ta tafasa ba ta ƙare ba. Na taɓa tambayarsa sunan wannan abu, ya ce mini kiɗan metal ne, amma reshen da yake so ana ce masa fos-metal. Na ce Allah ya kyauta, na wuce.

Ba a daɗe ba magana ta fara yawo. Wata 'yar haya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi ita ta fara cewa yaron nan ɗan sakawa ne, irin samarin da ke damfarar mutane ta intanet suna haɗawa da tsafi. In ba haka ba, in ji ta, me zai sa mutum mai hankali ya kulle kansa a ɗaki yana jin kukan aljanu? Da jikanta ya kwanta rashin lafiya sai maganar ta ƙara ƙarfi, duk da asibiti sun ce maleriya ce. Har makwabtan waje suka fara yi mana kallon gidan da ya ajiye abin da bai dace ba. Labari ya kai wa yayanmu, wanda yake zaune da iyalinsa a wata unguwa amma shi ke kula da harkar gidan tun da Baba ya saki komai. Ya zo ya sami Mai Tsawa ya ce masa ya nemi wani wuri kafin wa'adin hayarsa ya cika.

Mai Tsawa bai yi musu ba. Daga ranar ya daina kunna sifika, ya koma sa abin ji a kunne. Gida ya yi tsit, kowa ya ce alhamdulillahi.

Sai dai a daidai wannan lokacin Baba ya canza. Ya rage cin abinci. Kokon safe sai in dawo in tarar da shi ya yi sanyi a kofi. Mutumin da ba ya faɗa ya fara daka wa jikokinsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na kuma lura da wani abu da ya ɗaure mini kai. Tun watannin baya ya ja gadonsa daga wajen taga ya manna shi da bangon da ya raba shi da Mai Tsawa. Nakan mayar da shi saboda iska, washegari in tarar ya sake jawo shi. Yanzu kuma sai in leƙa da yamma in gan shi kwance ya kafa bayansa a bangon, idonsa biyu, kamar mai jiran wani. Na kai shi asibiti, suka auna jini da komai, suka ce tsufa ne da kaɗaici. Na dawo da shi da ƙwayoyin ƙarin jini, zuciyata tana gaya mini Baba ya fara bankwana ne.

Wata Asabar hadari ya haɗu tun da hantsi. Duk wanda ya san Accra ya san abin da ruwan sama yake yi wa hanya, don haka na rufe shago da wuri na kama trotro, motar hayarmu. Tun daga bakin lungunmu na ji ƙarar nan, ta ma fi yadda aka saba. Na shigo na ga kujerar Baba babu kowa, matan gida sun yi cirko-cirko a ƙofofinsu. Mai waakye ta tare ni ta ce, "Ga shi nan, ya ja tsohon cikin ɗakinsa. Na faɗa muku ba ku ji ba."

Na yar da jakata na tura ƙofar ba sallama.

Ɗakin ba shi da komai na tsoro. Katifa ce a gefe, tabarmar sallah a naɗe, wayoyi, da manyan akwatunan sifika guda biyu na haya. Baba yana zaune a kan ɗaya, ya cire takalmi ya kafa tafin ƙafarsa a siminti, ya ɗora hannun hagu a jikin ɗayar. Idonsa a rufe. Hannunsa na dama kuwa yana sama yana sauka a kan cinyarsa, a dunƙule, daidai yadda yake riƙe gular kaɗa ganga zamanin da. Kuma yana faɗawa ne tare da gangar da ke cikin kiɗan, ba ya gaba ba ya baya.

Mai Tsawa ya zabura ya kai hannu zai kashe. Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk ɗaya. Ya ce, "Sista, wallahi ba ni na kira shi ba. Shi ya buga ƙofa, ya shigo, ya nuna akwatin ya ce in kunna. Na ce Yaya ya hana, bai ji ni ba. Ka yi haƙuri."

Kiɗan na tsayawa Baba ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi saurayin, ya ce da murya mai ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa, "Wa ya ce ka kashe? Bai gama ba. Mutumin nan yana hanyar zuwa wani wuri, ka bar shi ya isa."

Sannan ya yafito ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Uwata, zo ki sa hannu nan."

Na durƙusa na ɗora hannuna kusa da nasa. Mai Tsawa ya sake kunnawa. Da farko ƙaiƙayi kawai na ji a tafin hannu. Da babbar jitar ta shigo sai na ji abin ya bi ta hannuna ya hau kafaɗa ya sauka cikin ƙirjina, har haƙorana suna amsawa. Kowane bugun ganga kamar an ƙwanƙwasa ƙofa ne a cikin ƙashina. Na kalli Baba na ga hawaye suna bin gemunsa, amma fuskarsa a sake take, rabon da in gan ta haka tun Mama na da rai.

Da waƙar ta ƙare ya zauna yana mayar da numfashi kamar wanda ya yi tafiya. A wurin ya yi mini magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa cikin shekaru. Ya ce tun da zazzaɓin nan ya tafi da kunnensa, duniya ta koma masa kamar yana ƙarƙashin ruwa, yana ganin bakuna suna motsi babu komai. Wata rana da yamma ya jingina da bango sai ya ji wani abu yana bugawa a bayansa. Ya ɗauka zuciyarsa ce ta fara lalacewa, har ya yi kalmar shahada. Sai ya natsu ya bi bugun, ya ga ai a tsare yake, yana tafiya yana dawowa inda ya faro. Ya ce a ransa, wannan ba ciwo ba ne, wani ne yake kaɗa ganga, kuma ya iya. Daga nan kullum yamma yake jiran sa.

"Da ya ɗauke," in ji shi, "sai na zaci ɗan abin da ya rage mini ne shi ma ya mutu. Na ce to, Allah ya karɓi kayansa duka. Yau da safe na ga yaron nan yana shigo da akwatunan nan, sai na gane daga ina abin yake fitowa."

Mai Tsawa ya juya baya yana ta naɗe wata waya da ba ta bukatar naɗi. A waje ruwa ya sauko, matan gida suna ta kwashe shanya.

Ranar ban bari maganar ta kwana ba, na kira yayanmu na faɗa masa. Washegari Lahadi da hantsi ya iso, ransa a ɓace. Ba zan zarge shi ba, yana da hujjarsa. Ya ce gidan nan gidan mutunci ne, ga masallaci a baya, ga makwabta suna magana, kuma tsoho mai shekarun Baba carbi ya kamata a gani a hannunsa. Yana magana yana kallona, kamar yadda muka saba yin maganar Baba a gabansa ba tare da shi ba. Baba yana kan kujerarsa yana bin bakin Yaya da ido. Ban san nawa ya kama ba, amma ya kama abin da ya isa. Ya ɗaga hannu.

"Carbina yana aljihuna, ban yar da shi ba," ya ce. "Da gangar nan na ciyar da ku, da ita aka kai ka makaranta. Ubana ya gina gidan nan, kuma ban mutu ba tukuna. Yaron nan ba inda za shi."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ina jin ba maganar ce ta fi taɓa shi ba, jin muryar Baba a matsayin mai gida ne, abin da muka ɗauka ya wuce. Can ya ce, "To makwabta fa? Su ma suna da haƙƙi."

Mai Tsawa, da ke tsaye can gefe tun ɗazu, ya matso ya ce, "Yaya, in ka yarda akwai dabara. Baba ba ƙara yake so ba, girgiza yake so. Zan iya raba su."

Cikin satin ya kawo wani benci na katako mai majingina, ya ciro cikin wata tsohuwar sifika ya ɗaure shi da kusoshi a ƙarƙashin wurin zama. In aka kunna, wanda ke tsakar gida ɗan gunji kawai zai ji kamar firji, amma wanda ya zauna a kai zai ji komai tun daga ƙugu har wuya. Shi kuma Mai Tsawa ya sa abin jinsa a kunne, su saurari abu ɗaya a lokaci ɗaya. Aka yi sharaɗi, daga bayan la'asar ne zuwa kafin magariba, kuma da ladan ya buɗe baki za a kashe. Mai Tsawa ke taɓa kafaɗar Baba ya nuna masa alƙibla, Baba ya tashi ya yi alwala.

Daga nan wata irin abota ta ƙullu da har yau nake murmushi in na tuna. Ashe shi Mai Tsawa da wasu abokansa na intanet, 'yan ƙasashe daban-daban, duk ƙarshen shekara sukan yi muhawara a kan wane albam, wato kundin waƙoƙi, ne ya fi kyau cikin sababbin da suka fito. A duk Zango bai da wanda zai yi wannan hira da shi ido da ido, sai ga Baba. Duk albam ɗin da ya fito sai ya kawo masa. Baba bai san sunan kowace ƙungiya ba, bai kuma damu ya sani ba, shi ke raɗa musu suna. Akwai wanda ya kira Mai Fareti, don gangarsa tana tafiya ƙafa-ƙafa. Akwai Ruwan Yuni, wanda ke farawa yayyafi ya ƙare da ambaliya. Akwai wani da Mai Tsawa ya zo da shi yana rawar jiki, ya ce duk duniya shi ake yabo a bana. Baba ya zauna ya ji rabi ya sauka daga bencin.

"Wannan makaɗin gudu yake kamar trotro za ta bar shi," ya ce. "Mayar mini da na jiya."

Mai Tsawa ya dage, yana nuni da hannu yana buɗe baki sosai don Baba ya karanta. "Baba, jitar fa. Jitar tana da daɗi paa, daɗi sosai. Kai ba ka samun wannan ɓangaren."

"To kai ka riƙe jitarka. Ni abin da ya zo bayana na sani."

Haka suka yi ta ja har aka kira sallah, ba wanda ya sauka. Wanda Baba ya fi so a waccan shekarar wani ne mai nauyi, mai jan jiki, wanda a tsakiyarsa komai yakan ɗauke sai ganga ita kaɗai tana bugawa da tazara mai tsawo. Ya ce irin takun da suke yi ne in za su raka gawar abokin aiki, kuma duk wanda ya tsara wannan ya taɓa binne wani nasa. Mai Tsawa ya bincika ya dawo ya ce bai sami inda aka faɗi haka ba. Baba ya ce ba sai an faɗa ba.

Ni dai har yau ba zan ce ina son kiɗan nan ba. Na gwada, kaina yake sara mini. Mai waakye ma ba ta taɓa janye maganarta ba, har ta bar gidan tana tofa addu'a in ta wuce ƙofarsa. Amma Baba ya koma cin abinci. Ya fara tambayar labarin mutane. Ya sa aka ɗauko masa babbar rigarsa ya je sunan jikan wani tsohon abokinsa a Nima, ya dawo yana ba mu labarin wanda ya tsufa da wanda ya rame. Jikokinsa suka koyi tsayawa a gabansa su yi magana a hankali, shi kuma ya koya musu yadda ake riƙe gula da muciyar tuwo.

Ya ƙara wasu shekaru a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, wata Juma'a da safe, bayan gajeruwar jinya. Wajen ɗaukar makara na hango daga cikin gida, ta tsakanin kafaɗun mata, Mai Tsawa ya saka farar jallabiya da ta yi masa gajarta, ya aro ta wurin Yaya. Yaya ne da kansa ya matsa ya ba shi wuri a gaba.

Abin da wannan al'amari ya koya mini ba a kan kiɗa ba ne kawai. Mun ciyar da Baba, mun tufatar da shi, mun kai shi asibiti, duk da zuciya ɗaya, amma tunaninmu bai taɓa kaiwa ga cewa akwai abin da yake kewa wanda ba ya cikin kwano ko kwalbar magani ba. Wanda ya kawo masa shi kuwa baƙo ne da unguwa ta gama yanke wa hukunci saboda rigarsa da abin da yake ji. Tun daga lokacin na rage saurin cewa abu sharri ne don kawai kunnena bai saba da shi ba. Kuma in na je gida na ga tsoho a kusurwa ya yi shiru ana ta magana a kansa, nakan ja kujera in zauna inda zai ga bakina, in tambaye shi sana'ar da ya yi yana saurayi. Ban taɓa yin tambayar nan aka amsa mini a gajarce ba.